Yadda Za Ka Ɓoye wa Ɗiyarka Cewa Ba Ka San STP Ba

Kai uba, matso kusa. In ka bi abin da zan jera maka nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za ka aurar da 'ya'yanka kaf ba tare da wani cikinsu ya gane cewa ilimin kimiyyarka yana nan inda ka ajiye shi ranar da kuka fito daga jarrabawar ƙarshe ba. Wannan tabbas ne. Ni Uba, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Bukkuyum, na gwada hanyar a kan 'ya'yana maza. Ga su nan sun yi gemu, har gobe in gardamar ilimi ta taso sai su ce a bari Baba ya zo, ni kuma sai in ƙi zuwa.

Misalin da zan riƙa kawo maka na maƙwabcina ne, Lirwanu, mai shagon magani jikin nawa. Langa-langa ne kawai tsakaninmu, saboda haka duk maganar da aka yi a wurinsa, ni ma an yi da ni. Ya bi matakan nan kusan duka. Inda ya kauce zan nuna maka, don ka kiyaye.

Mataki na ɗaya: Ka samu suna mai kama da ilimi

Kada ka wahalar da kanka da karatu, suna ya wadatar. Lirwanu kemis gare shi. Matasa na ce masa Lirwanu Kemis, tsofaffi na ce masa Dakta. Tsakanin kemis da kemistiri haruffa kaɗan ne, kuma ba wanda ya taɓa zama ya auna tazarar. Shi bai taɓa cewa ya karanci kemistiri ba. Bai dai taɓa cewa bai karanta ba. Gwanintar ke nan: ka bari mutane su yi maka ƙaryar, kai naka gyaɗa kai.

Wadda ta fi kowa yarda da sunan ita ce ɗiyarsa Hafsa, 'yar aji biyar a sakandare. Tun tana rarrafe kwalayen magani ne kayan wasanta. Ta taso da buri guda, ta karanci harhaɗa magunguna a jami'a. In aka tambaye ta dalili sai ta ce, "In zama kamar Baba."

In ɗiyarka ta faɗi haka a gabanka, yi murmushi ka dubi wani gefe.

Mataki na biyu: In tambaya ta zo, ka ce ya danganta

Cikin bazarar bana zazzaɓi ya kwantar da Hafsa, ta yi kwanaki ba ta je makaranta ba. Da ta koma sai ta tarar an sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci makarantarsu a gasar kacici-kacicin kimiyya tsakanin makarantun Anka, Gummi da Bukkuyum. A Gummi za a yi, waɗanda suka yi gaba kuma su wuce Gusau. Ta kuma tarar an yi wani darasi kan iskar gas tana kwance.

Bayan la'asar ta biyo ta shago da hijabin makaranta. Benci cike da masu jiran magani, ni ma ina bakin ƙofata ina shan iska.

Ta ce, "Baba, mi ake nufi da STP?"

Lirwanu ya juya ya bi kantoci da ido. Ya ɗauka sunan wani sabon maganin tari ne, har ya buɗe baki zai ce ya ƙare sai an kawo. Allah ya taimake shi yarinyar ta riga shi.

"Darasin da anka yi ban nan na. An ce wani daidaitaccen zafi da daidaitaccen matsin iska na da anka yarda a riƙa auna gas a kai. To in an tambaye ni mol ɗaya na gas wuri nawa za shi ci, mi zan ce?"

Lirwanu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya ce, "Ya danganta."

Riƙe kalmomin nan biyu da kyau. Rabin masanan da kake ji a rediyo da su suke cin abinci. Ba a kama mai su da ƙarya, kuma wani lokacin, kamar wannan karon, sai ka tarar ka faɗi gaskiya ba da niyya ba.

Sai dai Hafsa ba ta cikin masu tsayawa nan. Ta ce, "Haka na, Baba. Shi ya sa anka tsai da zafi guda. Nawa na zafin?"

Mataki na uku: In dole sai ka faɗi lamba, faɗe ta da ƙarfi

A nan uba mai dabara zai tuna bai yi sallah ba. Lirwanu ya riga ya yi la'asar, kuma duk mutanen bencin sahu ɗaya suka tsaya da shi. Magariba da saura. Ga idanu sun yi masa caa, har da wani dattijon Bafulatani da ya zo sayen maganin ciwon gwiwa.

Idon Lirwanu ya faɗa kan ma'aunin zafin jiki da ke cikin kofi a kan tebur.

Ya ce, "Talatin da bakwai."

Hafsa ta maimaita, "Talatin da bakwai."

"Zafin jikin mutum lafiyayye ke nan. In ya yi sama zazzaɓi, in ya yi ƙasa a nemo bargo. Wane daidaito ya wuce wanga?"

Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ta, Dakta."

Ka lura da abu biyu. Na farko, bai yi in'ina ba. Lambar da aka faɗa da in'ina ko daidai ce ba ta da daraja, wadda aka faɗa da ƙarfi kuwa ko liman sai ya yi tunani kafin ya musa. Na biyu, ya rufe ƙofa kafin wata tambayar ta shigo. Da Hafsa ta ce saura matsin da yawan wurin, sai ya ɗaga hannu.

"Kin tashi daga ciwo, kada a cika maki kai. Sauran sai gobe."

Ta tafi gida tana murna. Shi kuma ya leƙo ta ƙofata, zufa na bin wuyansa, ya ce, "Uba, ka san abin nan?"

Na ce masa ni fannina wutar lantarki ne.

Mataki na huɗu: Ka nemi ilimin a ɓoye, da sunan wani aboki

Kashegari da hantsi sai ga Malam Hezekiya, malamin kemistirin su Hafsa, da jakar tafiya a kafaɗa. Mutumin Zuru ne, ya daɗe a Bukkuyum har yaran da ya koyar sun fara kawo masa nasu. Ƙanwarsa za ta yi aure, zai shiga mota ya tafi gida, ya tsaya sayen maganin gyambon ciki.

Lirwanu ya sa masa kujera, ya aika aka kawo masa kunun zaƙi mai sanyi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rage murya.

"Malam, wani abokina na Nasarawa Burkullu ya yi mani wata tambaya. Na ba shi amsa, ina dai son in ji ko ta zo ɗaya da taku ta makaranta. Wai STP."

Malam Hezekiya irin malaman nan ne da in ka taɓo fanninsu sai mota ta tafi ta bar su. Ya ajiye jaka ƙasa.

Ya ce, "Ka san iska ba ta da tsayayyen jiki. Ka bar babur a rana, taya ta yi tauri kamar za ta fashe. Da safe ka taɓa ta, ta yi laushi. Iskar ciki ba a ƙara ba, ba a rage ba, zafi ne ya buɗa ta. Haka in ka matse ta sai ta tsuke. To in na auna gas a nan da tsakar rana, wani ya auna nasa a ƙasar sanyi, yaya za mu kwatanta? Kamar kowa ya zo kasuwa da tiyarsa ne, ta wani babba ta wani ƙarama. Sai aka zauna aka ce a tsai da tiya guda."

Lirwanu ya ce, "Haka nig gaya mashi."

"Matsin da aka tsayar shi ne na iskar duniya a bakin teku, wanda ke iya ɗaga zaiba a cikin bututun gilashi har milimita ɗari bakwai da sittin. Zaiba dai ka san ta, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da masu wankin zinari ke nema, wanda ke cikin ma'aunin zafinka. Shi kuma mol ƙidaya ce, kamar dozin, sai dai ta ƙwayoyin da ido ba ya gani, yawansu ya fi ƙarfin baki. Abin daɗin shi ne, kowane irin gas ka ɗebo, mol ɗaya, a wannan yanayin wuri ɗaya yake ci: lita ashirin da biyu da ɗigo huɗu. Ka ga jarkar ruwan can mai lita ashirin da biyar? A rage kaɗan. Wasu littattafan sun ɗan sassauta matsin, sai lambar ta koma da ɗigo bakwai, amma mu a jarrabawa ɗigo huɗu muke bi."

Lirwanu ya matso da kujerarsa. "To, shi kuma zafin?"

"Sifili."

"Sifili kamar yaya?"

"Sanyin da ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. A ma'aunin masana kuma ɗari biyu da saba'in da uku, duk abu ɗaya ne."

Lirwanu ya dubi waje. Rana ta kwantar da awaki a gindin bango, kwanon rufin shago na ƙara don zafi.

Ya ce, "Wanda ya yanke wanga hukunci bai taɓa zuwa Bukkuyum da bazara ba."

Malam Hezekiya ya yi dariya har da tari. Ya ɗauki jakarsa, ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo.

"Ka san ba ni zan raka yaran zuwa Gummi ba, malamar Turanci ce, kafin in dawo an gama. Abin da ya dame ni dā shi ne darasin nan da Hafsa ta rasa, don ita ce ƙarfinmu. Amma da safe ta ce mani kai da kanka kake koya mata a gida. Sai hankalina ya kwanta. Na gode, Malam Lirwanu."

Ya tafi. Lirwanu ya zauna kan kujerar da ya tashi, ya shanye sauran kunun baƙon bai ma sani ba.

Mataki na biyar: Ka nemi wanda zai kai saƙon a madadinka

Yanzu kana da amsar gaskiya a hannu, ɗiyarka kuma na yawo da ta ƙarya. Kada ka firgita. Allah ya yi iyaye mata ne don irin wannan rana.

Ni na ba Lirwanu shawarar ya bi ta wurin matarsa Hure. Ya koma gida da azahar, ya tarar da ita a inuwar rumfa tana tsince zogale. Yadda ya ba ni labari, ya daɗe yana zagaye kafin ya iso inda za shi.

"In yarinyar nan ta dawo, ki ce mata kin ji a rediyo an ce zafin nan sifili na."

Hure ba ta ɗago ba. "Wane zafi?"

Ya yi mata bayani sama-sama. Ta ajiye tiren zogalen, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam, ni da ko firamare ban gama ba, ni za ni gyara ma Dakta magana? In ta ce Inna, wace tasha, in ce mi?"

"Ki ce kin manta."

"Ban manta komi ba. Ni ban ce talatin da bakwai ba. Kai kac ce, gaban mutane."

Ta ɗauki tirenta. Ya juya zai fita, ta ƙara da cewa, "Jiya har cikin barci tana maimaita lambar taka."

Darasi: kafin ka dogara da wannan mataki, ka tabbata matarka ba irin Hure ba ce.

Mataki na shida: Ka ɗora wa Turawa

Wannan mataki bai taɓa ba ni kunya ba. Duk abin da ka faɗa ba daidai ba, ka ce a zamaninku haka yake, daga baya aka canza. Turawa ba za su zo Bukkuyum su ƙaryata ka ba.

Da yamma Hafsa ta zo karɓar sauran darasi. Lirwanu ya fara da abin da ya tabbata. Ya jawo jarka ya ajiye a tsakiyar shago, ya yi bayanin tayar babur, ya yi na tiya, ya faɗi ɗari bakwai da sittin, ya faɗi ashirin da biyu da ɗigo huɗu yana buga jarkar da tafin hannu. Ina jin sa ta langa-langa, wallahi har ni sai da na fara zaton ya karanta. Mutanen benci suka miƙo wuya. Fuskar Hafsa kamar an kunna fitila.

Sai ya gyara murya. "Af, zafin nan na jiya. Na ji an ce Turawa sun taɓa shi."

Ta ce, "Ai har mun yi gardama da Rita yau."

Rita ƙawarta ce, ɗiyar Sista Joyce ta asibitin gari, ita ma tana cikin masu zuwa Gummi.

"Tac ce ita kamar sifili taj ji Malam ya faɗa. Nic ce mata wane irin zafi na sifili? Babana yac ce talatin da bakwai, shi ko da ma'aunin yake aiki kullum. Sai tac ce ƙila ita ta ruɗe. Yanzu duk mun riƙe naka."

Lirwanu ya ce, "To, in kuma an canza fa?"

"Ko sun canza, Baba, naka na riƙe."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Ka ga inda suna ya kai: yarinyar da ta zauna a aji ta ji amsar da kunnenta ta saki tata ta kama tasa. Ni a wurina wannan nasara ce da ya kamata a yi walima. Shi kuwa sai ya rufe shago tun kafin magariba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifi Hafsar.

Mataki na bakwai: Ka nisanci wurin da abin zai fashe

Ranar gasa ka tashi da ciwon kai. In an yi tambayar yarinya ta faɗi, kana nesa. Kafin ta dawo ka shirya fuskar mamaki, ka ce alƙalan ba su san aikinsu ba. Na zayyana wa Lirwanu wannan duka, ya saurara, ya ce to.

Da safe motar makaranta ta tashi da yaran. Ban gama share bakin shago ba sai ga shi da babbar riga.

"Uba, tashi ka kai ni Gummi. Magani ya yanke mani, za ni saro."

Na dubi kantocinsa, cike suke har sama. Amma maƙwabci maƙwabci ne. Na tada babur, muka bi bayan wasu motocin kasuwa, don hanyar ba ta son mutum shi kaɗai. Tafiyar nan duka leɓensa nake ji yana motsi a bayan kunnena, yana ta maimaita lambobi kamar mai lazimi.

Muka isa makarantar da ake taron rana ta take. Ɗalibai sun cika harabar, kowace makaranta da kalar rigarta. A bakin ƙofa wata mata na sayar da ruwan leda a cikin kula. Lirwanu ya tsaya ya sa hannu can ƙasa, ya zaɓo wanda ya daskare ya yi tauri kamar dutse. Na ɗauka ƙishi ne.

Mataki na takwas: Kome ya faru, kada ka ce ban sani ba

Wannan shi ne ginshiƙin duka. Wanda ya rushe shi ya rushe aikin shekaru. Ka karanta abin da ya biyo baya a matsayin gargaɗi.

Hafsa ta hango mu daga inuwar wata bedi inda suke zaune da Rita da malamarsu. Ta taso da sauri, ta durƙusa ta gaishe mu, ta juya ta ce da ƙawayenta, "Ga Babana, shi ya koya mani na gas ɗin."

Na taɓa shi da gwiwar hannu, ina nufin ga dama, yi murmushi mu juya. Sai ya ce, "Hafsa, zo nan. Rita, ke ma zo."

Ya ja su gefe kaɗan. Ya kama hannun ɗiyarsa ya ɗora mata ƙanƙarar nan a tafi.

"Mi kika ji?"

"Sanyi, Baba."

"To shi na daidaitaccen zafin. Sanyin da ruwa ka daskarewa. Sifili. Rita na da gaskiya."

Hafsa ta dubi ƙanƙarar, ta dube shi. "An canza ɗin ke nan?"

Ga ƙofa a buɗe, yarinya da kanta ta buɗe masa. Kalma ɗaya ce, ya ce e, a tashi lafiya. Na yi tari don in tuna masa.

Ya ce, "Ba a canza komi ba. Ban sani ba na faɗa. Kin tambaye ni gaban mutane, na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na dubi ma'aunin zafin jiki na faɗi abin da ke kai. Ban karanci kemistiri ba, Hafsa. Magani na iya saidawa, shi ma a hannun ubangidana na koya."

Ruwan ƙanƙarar na ɗiga ta tsakanin yatsunta. Rita ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta. Ni kuwa na shiga duba tayar babur da ba abin da ya same ta.

Hafsa ta ɗago ido ta dube shi.

"To jarkar fa? Da tiya, da tayar babur?"

"Waɗannan daidai na. Malaminku ya koya mani, na hardace."

"Kai kat tambaye shi?"

"Na ce wani abokina na."

Rita ce ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da hannu. Hafsa ta yi ƙoƙarin ta riƙe tata, ta kasa, dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta share da gefen hijabi. Aka buga ƙararrawa, malamarsu ta yafito su.

Ta ce, "Faɗa mani duka, sau ɗaya, da sauri."

Ya ce, "Sifili. Ɗari bakwai da sittin. Ashirin da biyu da ɗigo huɗu."

Ta miƙa masa ƙanƙarar, ta kama hannun Rita suka shige.

Mataki na tara: Ka dubi abin da gaskiya ta jawo, ka yi hankali

Muka samu wuri a bayan zaure muka tsaya. Aka yi tambaya kan ƙashin mutum, aka yi kan wutar lantarki, aka yi kan gishiri da tsami, aka yi kan taurari. Duk lokacin da mai tambaya ya ɗaga takarda sai Lirwanu ya damƙe mani hannu. Har aka tashi, ba wanda ya ambaci STP. Ko da wasa.

Ka ji fa. Mutum ya ɗauki sunan da ya gina tun yarinya na goye, ya kawo shi har Gummi cikin rana, ya fasa a gindin bedi, a kan tambayar da ba a ma yi ba. Na faɗa masa haka a hanya. Ya ce in kula da ramuka.

Wata makarantar Anka ce ta zo ta ɗaya, su Hafsa na biyu, kuma biyun farko aka ɗauka zuwa Gusau. Malam Hezekiya ya dawo daga biki ya zo har shago yin godiya. Hafsa na wurin. Ta ce, "Malam, abokin Baba na Nasarawa Burkullu na gaishe ka." Malamin ya dubi uban, ya dubi ɗiyar, ya ce yana amsawa, a ce masa ƙofa a buɗe take in yana da wata tambayar.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Yanzu kusan kullum bayan la'asar Hafsa na shago, ita ke karantarwa, shi ke maimaitawa, masu jiran magani na sauraro. In ya yi kuskure ta ce, "A'a, Baba, sake," shi kuma ya sake. Ta karanta jikin kwalaye ta gano yawancin magungunan ba a son zafi ya yi masu yawa, ta sa shi ya kwashe na kantar da rana ke duka ya mayar ciki, ya kuma yi wa rufin shagon silin.

Mafi muni, kalmar nan ta ban sani ba ta bi masa baki. Kwanan baya wata mata ta zo daga Gwashi da jinjiri a goye, jikinsa ya yi zafi, yana numfashi da ƙyar. Ta ce Dakta ya duba ya ba ta abin da ya dace. Dā sai ya haɗa mata kala uku a leda. Sai na ji shi ta langa-langa yana cewa, "Baiwar Allah, wanga ya fi ƙarfina, ban san mi ke damunai ba. Tashi mu tai asibiti." Ya bar shago a buɗe, ya ari babur ɗina, ya kai su wurin Sista Joyce. An kwantar da yaron, ya warke. Uban ya zo daga baya da zabbi biyu, ya tsaya bakin shago yana ta kiran Dakta, Lirwanu na cewa a daina, mutumin na ƙarawa.

Sanarwa

Duk abin da ke sama shawara ce ta kyauta, wanda ya ɗauka ya ɗauka don kansa. Ba ruwana in ɗiyarka ta fi ta Lirwanu wayo ta kama ka tun a mataki na biyu. Ba ruwana in matarka ta kai labarin gidan suna. In ka faɗi lamba da ƙarfi aka kai ta ɗakin jarrabawa, kai da malamin ku sasanta, kada a ambaci sunana. Wanda ya bi matakan nan ya yi nasara, hikimata ce. Wanda ya kauce ya faɗi gaskiya, shi ya jiyo.

In kuma ranar da ɗiyarka ta gyara maka kuskure a gaban mutane ka ji wani daɗi ya cika maka ƙirji, kamar yadda Lirwanu ya rantse mani yana ji, to wannan ciwo ne da ban san maganinsa ba, kuma ba a wurina ka ɗauka ba.